A Ina Mai Kasuwar Intanet Yake Cin Abinci?

 Ga abin da muka tattauna a shirinmu na kasuwanci, mun zuba shi a takarda saboda wanda kiwo ko tafiya ta hana shi kama tashar, da wanda ya ji amma yana so a sake karanta masa a natse.

Yau kusan kowa da salula a aljihu. Ana turo maka hoton bijimi ta WhatsApp, ke kuma Hajiya ana turo miki hoton atamfa, sannan kullum sai wata sabuwar manhaja ta ɓullo tana cewa ka yi rajista kyauta, ka saya, ka sayar, har ma a ba ka tukwici. To kafin ka danna, akwai tambayar da ya kamata ka yi: wanda ya gina abin nan, a ina yake cin abinci? In ka san amsar, ka san irin mutumin da za ka yi hulɗa da shi.

Yawancin dabarun da kuke gani a waya yau an fara gwada su ne a Amurka tsakanin 1995 da 2002. A lokacin salula mai intanet ba ta yaɗu ba. Kwamfuta ce ta tebur ake haɗawa da layin tarho na gida, hoto guda sai ka jira shi ya sauko a hankali. Duk da haka matasa suka yi ta buɗe kamfanoni, masu kuɗi suka yi ta zuba jari. Kaɗan suka rayu har yau, da yawa suka karye. Ku lura, duk inda muka ce dala a nan, ta Amurka muke nufi, ba dalar sefa biyar ba.

Dillali: labarin eBay

A watan Satumba na 1995, wani mai rubuta manhajar kwamfuta da ake kira Pierre Omidyar, mazaunin jihar Kalifoniya, ya buɗe wurin gwanjo a intanet. Mai kaya ya sa kayansa, masu so su yi ta tayawa, wanda ya fi tayi in lokaci ya cika shi ya saya. Cikin abubuwan farko da aka sayar har da wata ƴar tocila mai jan haske, irin wadda malamai ke nuna rubutu da ita a allo, kuma ta lalace. Wani ya saye ta dala 14 da ɗoriya. Omidyar ya aika masa yana tambaya ko ya gane lalatacciya ce, mutumin ya ce ya sani. Nan ya fahimci cewa in ka tara mutane da yawa wuri guda, kusan kowane kaya na da mai so.

Da farko bai karɓar ko sisi. Sai jama'a suka yi yawa, kamfanin da ke ba shi layin intanet ya ƙara masa kuɗin wata daga dala 30 zuwa 250. A farkon 1996 ya ce to kowa ya sayar ya ba da la'ada: kashi 5 cikin ɗari a ƙananan kaya, kashi 2 da rabi a waɗanda suka fi tsada. Mutane suka riƙa aiko masa da kuɗin a ambulan. Tun daga nan wurin ya fara ciyar da kansa, a 1997 kuma aka sa masa suna eBay.

Kai da ke zuwa kara ka riga ka san wannan sana'ar. Dillali ba shi da saniya ko ɗaya, ba ya sayen dusa, ba ya biyan kuɗin mota, in dabba ta mutu a hanya ba tasa ba ce. Abin da yake da shi sanin mutane. Haka eBay: ba sito, ba kaya, ba motar kai saƙo. Mai kaya ne ke ɗaurewa ya kai gidan waya.

Amma akwai abin da dillalin kara ke yi wanda kwamfuta ba ta iya ba. Dillali ko mai masauki shi ke tsaya wa baƙo, ya ce na san shi, dabbar nan ba ta sata ba ce, kuɗin nan zai fito. A intanet kuwa cinikin biri a sama ne, ba ka ga mutum ba, ba ka taɓa kaya ba. Maganin da Omidyar ya kawo a 1996 shi ne shaida. Bayan kowane ciniki, mai saye ya rubuta yadda ya samu mai sayarwa, shi ma mai sayarwa ya rubuta nasa, kowa na iya karantawa. Mai gaskiya lambarsa ta yi ta hawa, macuci kuma sunansa ya ɓaci a idon kowa. Taurarin nan da kuke gani a gefen sunan mai shago a waya, wannan dabarar ce ta yaɗa su.

Akwai kuma dalilin da ya sa aka kasa ture eBay a Amurka, ko da manyan kamfanoni irin su Yahoo da Amazon suka buɗe nasu gwanjon. Me ke kai mai shanu Maigatari ko Illela? Masu saye suna can. Me ke kai masu saye? Shanu suna can. Ko an share sabon fili an ce babu haraji, in ba kowa a ciki ba za ka kora garkenka can ba. Saboda haka in wata sabuwar manhaja ta ce ka kawo kayanka, ka fara duba ko da gaske akwai masu saye a ciki.

Mai kanti: labarin Amazon

Hanya ta biyu ita ce ta mai kanti, ya saro ya sayar ya ci riba. Jeff Bezos ya buɗe Amazon a birnin Siyatil a watan Yuli na 1995, kuma littattafai kawai yake sayarwa. Ba da ka ya zaɓi littafi ba. Littafi ba ya ruɓewa, ba ya fashewa a hanya, kuma kowane kwafi daidai yake da ɗan'uwansa, ba sai ka duba haƙori ko ka taɓa tozo ba. Ga shi kuma littattafai sun yi yawan da babu kantin da zai ɗauke su duka, amma jerin sunayensu na shiga kwamfuta.

A farkon lamari ba ya tara kaya da yawa. Sai mutum ya yi oda, sannan ya karɓo littafin daga manyan ƴan sari ya aika masa. Mai saye na biya nan take da katin banki, su kuwa ƴan sari sai bayan makonni ake biyansu. A tsakanin nan yana juya kuɗin. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa karɓar kaya bashi ya sayar kuɗi hannu ya san daɗin wannan.

Amazon ya yi suna da wasu dabaru da har yau ake kwaikwaya. Ya bar masu saye su rubuta ra'ayinsu a kan littafi, ko da zagi ne. A 1996 ya fito da tsarin kamasho: in ka turo masa mai saye daga naka wurin, a ba ka wani kaso. A 1997 ya kawo saye da dannawa ɗaya, tunda ya riga ya ajiye adireshinka da lambar katinka. Wannan na ƙarshen ku yi hattara da irinsa. An yi shi ne don kada ka samu lokacin sake tunani tsakanin sha'awa da biya.

Sai dai kanti na cin kuɗi. Da Amazon ya faɗaɗa zuwa wasu kayayyaki, dole ya gina manyan sito ya ɗauki ma'aikata. A shekarar 2000 kaɗai ya yi asarar dala biliyan 1.4. Ribar farko sai a watanni ukun ƙarshe na 2001, dala miliyan 5 kacal a cinikin da ya haura biliyan guda. Shekara shida ke nan ana zuba ruwa a rariya, a ganin mutane da yawa. Abin da ya cece shi, asarar tana tafiya ne wajen gina abin da zai daɗe, mutane kuma suna dawowa su sake saye. Bayan haka, a ƙarshen 2000 ya buɗe wa wasu ƴan kasuwa ƙofa su sayar a cikin kantinsa yana cin la'ada, wato mai kanti ya haɗa da dillanci.

Kyauta: wa ke biya?

Hanya ta uku ita ce ta fi ruɗa mutane. A watan Yuli na 1996, Sabeer Bhatia, ɗan asalin Indiya, da abokinsa Jack Smith suka buɗe Hotmail, akwatin wasiƙar intanet kyauta. A ƙasan kowace wasiƙa da mutum ya aika, sai kamfanin ya liƙa ɗan layi yana gayyatar mai karantawa shi ma ya zo ya buɗe nasa. Ka ga kowane mai amfani da shi ya zama ɗan talla ba albashi. Cikin shekara ɗaya da rabi suka tara mutane sama da miliyan 8, a ƙarshen 1997 kamfanin Microsoft ya saye su a kan kusan dala miliyan 400.

Me Microsoft ya saya da wannan maƙudan kuɗi? Mutanen ya saya, da idanunsu. Ku ɗauki misalin rediyo. Kuna saurare ba ku biya komai, amma mai sabulu da mai maganin dabbobi suna biya don a sa tallarsu a lokacin da kuka kasa kunne. Haka Yahoo ya rayu, yana sayar da gurbin talla a saman shafinsa.

Google, wanda Larry Page da Sergey Brin suka kafa a 1998, shi ya kai wannan sana'a ƙarshe. A shekarar 2000 ya fara sayar da talla a gefen sakamakon bincike, a 2002 kuma ya koma tsarin da wani kamfani mai suna GoTo ya riga shi farawa: masu talla su yi gwanjon kalma, kuma ba sa biya sai an danna tallarsu. Wanda ya rubuta yana neman takalmi, tallar takalmi zai gani. Bambancin da rediyo ke nan. Rediyo ba ta san wa ke saurare ba, intanet kuwa ta san abin da ka nema, daga baya ma ta san inda kake da waɗanda kake hulɗa da su. Facebook da ya zo a 2004 a kan wannan turba ya ginu.

Don haka in an ce maka abu kyauta ne, ba lallai zamba ba ce, amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Kana biya da lokacinka, da datarka, da bayananka. In manhaja ta nemi izinin shiga lambobin mutanen da ke wayarka ko hotunanka, alhali aikinta bai shafi wannan ba, ka san abin da take so ta ɗauka ke nan.

Waɗanda suka karye

Zuwa 1999 abin ya zama kamar zazzaɓi. Kamfani ko bai taɓa cin riba ba, in dai sunansa na da alaƙa da intanet, sai a yi rububin sayen hannun jarinsa. Tunanin da ake yi shi ne a tara jama'a da sauri ko ta halin ƙaƙa, riba ta biyo baya.

Labarin Pets.com zai fi shiga kunnen makiyayi, domin abincin dabbobi yake sayarwa, na karnuka da kyanwoyin da Amurkawa ke ajiyewa a gida. Kaya ne mai nauyi, ribarsa kaɗan. Kamfanin kuma ya riƙa karya farashi ƙasa da yadda ya saro, yana rangwanta kuɗin kai kaya har gida. Ku kwatanta da wanda ya sari buhun dusa jaka goma, ya sayar jaka bakwai, sannan ya biya mota ta kai wa mai saye har ruga. Irin wannan, yawan ciniki shi ne yawan faɗuwa. A watanninsa na farko a 1999, cinikinsa bai kai dala miliyan ɗaya ba, amma ya kashe sama da miliyan 11 a talla. A watan Fabrairu na 2000 ya tara dala miliyan 82 da rabi a kasuwar hannun jari. A watan Nuwamba na wannan shekarar ya rufe.

Webvan kuma kayan miya da na masarufi yake kai wa mutane gida, kai za ka zaɓi rabin awar da kake so motar ta iso. Tun bai tabbatar abin zai ci a gari ɗaya ba, ya ƙulla kwangilar dala biliyan guda don gina manyan sito a birane 26. Masu saye ba su zo yadda aka zata ba, motoci na yawo rabi fanko. A watan Yuli na 2001 ya durƙushe, ma'aikata kusan 2,000 suka rasa aiki.

Ma'aunin kasuwar hannun jari ta Nasdaq, inda yawancin irin waɗannan kamfanoni suke, ya kai ƙololuwa ranar 10 ga Maris, 2000, a maki 5,048. Zuwa Oktoba na 2002 ya sauko kusan 1,100. Wato cikin kowane kashi huɗu, sama da uku sun narke. Ba attajirai kaɗai suka yi kuka ba, har da ma'aikata da ƴan fansho da suka zuba ajiyarsu don sun ga maƙwabci ya samu.

Ba wai mutane sun ƙi sayen kaya ta intanet ba ne, ai yau ana sayen abincin dabbobi da kayan miya ta nan. Lissafi ne bai fita ba. Kuɗin masu jari ne ke cike giɓin, ranar da suka ja hannu kuwa sai asiri ya tonu.

Kuɗi a hannun wa?

Saura maganar biya, wadda ita ce ta fi damun ɗan kasuwar iyaka. A farkon eBay, mai saye kan aika takardar kuɗi ta gidan waya, ya zauna jiran kaya da addu'a. PayPal da ya fito a ƙarshen 1999 ya sauƙaƙa wannan, ka tura wa mutum kuɗi da adireshin wasiƙarsa ta intanet kawai. Don ya tara jama'a, sai ya riƙa ba sabon shiga dala 10, wanda ya kawo shi ma dala 10. Abin ya ci masa miliyoyi, ɓarayin kati kuma suka yi masa ɓarna sosai a shekarar 2000. Ya tsira ne da ya fara cire ɗan kaso daga ƴan kasuwa masu karɓar kuɗi, ya kuma gina hanyoyin gano macuta. A 2002 eBay ya saye shi dala biliyan 1.5.

A nan ku buɗe kunne da kyau, domin maganar kawo mutum a ba ka tukwici ita ce tarkon da ya fi cin mutanenmu. Tukwicin PayPal daga aljihun masu jarin kamfanin ya fito, ba a ce sabon shiga ya zuba nasa don a biya wani ba, kuma akwai aikin da kamfanin ke yi wa jama'a. Wanda kuwa zai ce ka zuba kuɗi su haihu cikin wata guda, ka kawo mutane a ƙara maka, kuma ba ka ga hajar da ake sayarwa ba, kuɗin na baya ne ake biyan na gaba da shi. Haka MMM ya yi a Najeriya, yana alkawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, har ya kulle asusun jama'a a watan Disamba na 2016.

Ƙasar Sin ta ƙara wani mataki. Kamfanin Alibaba na Jack Ma ya buɗe kasuwar Taobao a 2003, ya kuma haɗa ta da Alipay. Tsarin shi ne mai saye ya biya, kuɗin su zauna a hannun kamfani, sai kaya sun iso ya duba ya ce ya yarda, sannan a saki kuɗin ga mai kaya. Wannan ai ajiyar amana ce a hannun mai masauki, kun san ta tun kaka da kakanni. Taobao bai karɓar kuɗin sa kaya, ga kuma wannan amana, sai ya kwashe kasuwa har eBay ya rufe nasa wurin na Sin a 2006. A ɓangarenmu kuma, da Jumia ya buɗe a Legas a 2012, sai ya yarda a biya in kaya sun iso ƙofa, domin ya san mutanenmu sai sun gani da ido. Ko da hakan, kai kaya gida na da tsada, a 2019 ya rufe harkarsa a Kamaru.

Abin da za ku riƙe

To ɗan'uwa, in an kawo maka wata sabuwar kasuwa ta waya, ka zaunar da wanda ya kawo ta ka yi masa tambayoyin da za ka yi wa baƙon dillali. Me kamfanin ke ci a cikin cinikina, la'ada ce, ribar kaya ce, talla ce, ko kuɗin wata? In la'ada ce, nawa, kuma wa ke biya, ni ko mai saye? Tsakanin biya da isowar kaya, kuɗin na hannun wa? In kaya suka zo ba yadda aka nuna a hoto ba, ko aka riƙe su a duwan, wa ke ɗaukar asara, kuma ina ofishin da zan je? In an kasa ba ka amsa a fili, ka riƙe kuɗinka.

In ka ga araha ta wuce hankali, ka sani wani ne ke cike giɓin, kuma ba zai dawwama yana cikewa ba. Ka ci arahar in kana so, amma kada ka bar kuɗi masu yawa su kwana a asusun kamfanin, kada kuma ka yar da tsofaffin abokan cinikinka saboda shi. In kai ne mai sayarwa, ka fara da ɗan kaya kaɗan ka ga yadda biya ke fita kafin ka ɗora tirela. Hoton dabba kuwa ba ya nuna ciwon huhu ko na kofato, don haka a samu wanda ka yarda da shi ya je ya duba da idonsa kafin kuɗi su tashi. Lambar sirrin asusunka kada ka karanta wa kowa a waya, ko da ya ce daga kamfanin yake.

Mai tambaya a kan wata manhaja da aka tallata masa, ya aiko mana ta hanyar da aka saba, za mu duba ta da waɗannan tambayoyin a shiri na gaba. Allah ya ba da kasuwa, ya tsare garke, a sauka lafiya.